Mushe Illa da Kiɗan Tsofaffin Wasannin Tele

Da an sallame sallar asuba, Illa Attahir yakan koma gida ya sha kunu, ya rataya jakarsa, ya taka da ƙafa zuwa rumfarsa ta gyaran rediyo da ke Bilbis, cikin garin Tawa. In akwai kuran, wato wutar lantarki, abin da yake fara kunnawa shi ne wata ƙaramar tele da ya haɗa da tsohon injin wasa, irin wanda ake cusa wa kaset. Ba ya yin wasan. Sai ya bar ɗan mutumin da ke cikin tele tsaye wuri guda, kiɗan yana ta zagayowa, shi kuwa ya ja layuka biyar-biyar a takarda, yana saurare yana sa ɗigo da fensir, har masu kawo gyara su fara zuwa. Haka ya yi shekara ashirin da shida. A watan jiya ya aje wannan aiki na kiɗa, shi ya sa na ga ya kamata a rubuta abin da aka sani game da shi. Ni ba makaɗi ba ne. Ma'aikacin rediyo ne, na sha ɗaukar wasansu, kuma abin da ban gani ba na tambayi waɗanda suka gani.

Illa bai taɓa koyarwa a lakwal ba, wato makarantar boko, almajiransa ne suka sa masa Mushe, sunan da ake kiran malamin lakwal da shi. Asalinsa mabushin turumpet ne a fanfar ta soja, wato ƙungiyar masu busa da ganguna, kuma a can ya koyi karanta kiɗa a rubuce. Wata shekara ya zo hutu, ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Afala, haƙoransa na gaba huɗu suka zube, leɓensa ya tsage. Da ya warke ya gwada busa, iska ta ƙi tsayawa. Ya aje kaki, ya dawo gida ya koyi gyaran rediyo.

A lokacin ƴan bida, wato masu ci-rani, da ke dawowa daga Abijan suna zuwa wa ƙannensu da injinan wasa, in sun lalace a kai wa Illa. Wajen gwaji ne ya lura da abin da masu wasan ba su kula da shi ba. Ya gaya mini cewa injin ba ya iya fitar da murya fiye da uku lokaci guda, sai wani ƙaras-ƙaras da ke tsaya wa ganga. “Wanda yay yi kiɗin nan ba shi da wurin ɓarna,” in ji shi. “Kowace murya aiki takai. In ka raba su ga mutane ukku, ka koya musu busa tare ba su sani ba.”

Kayan busa ya samo su ne a ɗakin ajiya na wani gidan matasa, sun yi tsatsa, wasu sun lotse. Ya nemi izini, ya kwashe su, ya yi wata bakwai yana liƙi da miƙewa. Mabusan kuma ba yara ba ne: ƴan kabu-kabu, da teloli biyu, da mahauci, da wata ma'aikaciyar gidan likita mai suna Rahinatu, wadda ta ɗauki kilarinet. Dukansu sun yi waɗannan wasanni suna ƙanana, kiɗan yana kansu. Illa ya ce kunne ya riga ya san hanya, hannu kaɗai ya rage masa ya koya wa. Ba su san sunayen kiɗe-kiɗen ba, sai suka raɗa musu nasu: Tsallake Rami, Cikin Kogo, An Ci Ka. Ƙungiyar suka kira ta Amon Adar. An yi masa dariya a unguwa, ana cewa tsohon soja ya koma wasan yara. Ban ji wanda ya ce ya taɓa mayar da magana ba.

Da busa ta zauna, ya so ya sa kayan kiɗan gida a ciki. Ya hau mota har Barmu wajen Ciɗo, wani tsohon mai goge. Ya kunna masa Cikin Kogo a rediyo mai kaset. Ciɗo ya saurara, ya gwada, ya aje gogensa.

“Soja, wanga kiɗi ba ya zama bisa goge. Akwai wurin da yake takawa, ni ba ni da tsani nan.”

“To, ba kai za ka bi shi ba,” in ji Illa. “Shi za ya bi ka.”

Ya koma Tawa ya yi wata huɗu yana sake rubutun, ya bar wa kilarinet wuraren da goge ba ya takawa, ya bar wa Ciɗo inda zai sake jiki. Da ya sake komawa Barmu, Ciɗo ya goga sau biyu, ya tambayi ranar da ake haɗuwa. Ya yi shekara tara yana shigowa kowace Asabar, kafin ya miƙa wa ɗansa Jamilu. Daga baya gurmi da kalangu suka shigo. Sun yi wasa a bukukuwan rufe lakwal, da ɗaurin aure, da kasuwar Tebaram, inda na ga wani makiyayi ya tsayar da raƙuminsa har aka gama. A gari kuwa magidanta ne ke cika wurin. Da an fara Tsallake Rami sai ka ga mai shekara arba'in yana dariya, yana motsa manyan yatsunsa.

Mushe, kai ne ka ƙi yarda su tsaya ga haddar kunne. Kai ka tilasta wa mahauci da ɗan kabu-kabu karanta ɗigo a kan layi, suna gunaguni, wasu suna fashin zuwa. A lokacin sun ɗauka taurin kai ne irin na soja.

Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar bayan la'asar, suna gwaji, Illa ya tsayar da kiɗa ya ce Sule, mai turumpet na farko, ya kauce. Aka sake, ya sake tsayarwa. Sau uku. Idon Sule ya yi ja. Kowa a wurin ya ji cewa daidai yake busawa, amma ba wanda ya iya faɗa. Da aka watse, Rahinatu ta tsaya.

“Baba, Sule bai kauce ba.”

“Mi kinka ce?”

Ta matso ta maimaita. Sannan ta gaya masa cewa ta yi wata uku tana lura: in an yi masa magana ta hagu ba ya juyowa, kuma tele ta rumfa yanzu ana jin ta daga bakin titi. Sai Illa ya tambaye ta wace rana likitan kunne ke zama.

Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kuma siririyar murya ce ke fara ɓacewa. Asabar ta gaba Illa ya tsaya gaban mutum goma sha bakwai. Ya fara da Sule. “Na zalunce ka, ka yahe mani. Kunnena ne, ba bakinka ba.” Sannan ya faɗa musu abin da likita ya ce, ba ƙari ba ragi, ya ce saura masa kamar shekara guda da rabi kafin jin ya ɗauke, kuma zai kashe ta ne wajen koya wa mutum ɗaya raba muryoyi da jan ƙungiya. Ya ce Rahinatu ya zaɓa, don ita ta fi kowa karatu, kuma ita kaɗai ta iya gaya masa gaskiya.

Maza biyu suka ce ba za su tsaya mace tana ɗaga musu hannu ba. Illa bai roƙe su ba, bai kuma zage su ba. Ya ce su aje kayan a wanke. Suka aje suka tafi, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya fi kowa iya busa toronbon, abin busa mai kaurin murya. Ƙungiyar ta yi wata biyar muryar ƙasa ba ta cika, har aka fasa wasa biyu. Rahinatu ta ce masa ko a bar wa Sule jan ƙungiyar, don a zauna lafiya. Ya ce a'a. Kullum ta tashi aiki sai ta biya rumfa, ta saurari injin ta rubuta, shi kuma ya duba da ido ya ja mata layi inda ta cunkushe muryoyi.

Watan jiya aka yi wasan farko da ba shi ne a gaba ba, a filin gidan matasan, kafin magariba. Kiɗa na ƙarshe Rahinatu ce ta tsara shi tun daga tushe, na wani wasan tseren mota. Illa ya zauna cikin jama'a, kusa da matarsa Kaltumi, takardar kiɗan a cinyarsa, yana bin ta da yatsa yana duban hannun Rahinatu. Da aka gama aka yi ta tafi, ta sauko ta durƙusa ta gefen damansa. Ina kusa, na ji su.

“Baba, ya ka ji shi?”

“Ganga na ji, da toronbon kaɗan. Sauran ki tambayi mutanen ga.” Ya nuna wani wuri a takardar. “Amma nan, inda kinka bar goge shi kaɗai kahin busa ta shigo, ni da ban yi tunanin haka ba. Kar ki taɓa shi.”

Illa na Kaltumi, mai tada abin da aka yar, mun gode. Ka rasa busa ka koya wa wasu, da kunne ya fara tafiya kuma ka faɗa da bakinka tun da sauran lokaci. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Masu sana'a da ke karanta wannan, ko wace iri ce, su duba wa suka koya wa tun hannunsu na aiki, kuma in an gaya musu gaskiya mai ɗaci su tambayi ranar ganin likita, kamar yadda ya yi. Har yanzu yana gyaran rediyo a Bilbis. In kun bi ta nan, kada ku yi masa sallama daga baya ku ce ya yi banza da ku. Ku zagayo ta gabansa, ku ɗaga murya.