Rinin wandon Yaya

Shekara ta biyu ke nan da Gusau ta zama babban birnin jiha lokacin da Yaya ya dawo gida Bungudu. Masaƙar da yake aiki ta rage ma'aikata, shi kuma tari ya riga ya kama shi. Ya sauka daga mota da jaka ɗaya da rediyo, ya rame har Inna ta tsaya bakin zaure tana kallonsa kafin ta ce masa sannu da zuwa. Ni ce ƙanwarsa da ke binsa, na gama sakandare, ina gida ina taya Inna aiki.

Cikin kayansa akwai wandon jins baƙi da ya saya a gwanjo da albashinsa na farko. Sanda yake zuwa mana hutu da shi, samarin unguwa har taɓa shi suke yi. Yanzu ya koɗe, gwiwoyin sun yi fari, sauran jikin ya koma launin toka.

Ya yi wata uku yana kwance yana tashi. Da damina ta kankama ya ɗan ji sauƙi, sai ya samu labarin wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Tsafe, ya samu shiga wani sabon ofis a Gusau, kuma ana ɗaukar mutane. Ranar ya kira ni ɗakinsa, wandon na shimfiɗe bisa tabarma.

"Kin iya rini?"

Na ce ban taɓa yi ba. Na ce ya kai wa marina mana.

"Su shuɗi za su mayar mini da shi. Baƙi nike so, yadda na saye shi. Ba ni zuwa gaban mutane kamar wanda ya fito gona."

Ran kasuwa na sayo garin rini ƙulli biyu wajen mai kayan koli. Ya ce in tafasa ruwa, in zuba gishiri da yawa, in yi ta juyawa. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan.

Inna ta hana ni tukunyarta da muciyarta. Na samo tsohuwar garwa, na ɗora a murhu bayan ɗaki, na karyo reshen dalbejiya na juyawa. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, yana wani wari mai hawa kai. Yaya ya jawo kujera ya zauna kusa, hayaƙin yana tayar masa da tari, amma ya ƙi matsawa.

"Ki danna ƙafar hagun nan, ta taso."

Na danna. Na yi ta juyawa har hannuna ya gaji, zufa na shiga mini ido. Yana ta ba ni labarin Gusau, wai in ya samu aiki zai kama ɗaki mai lantarki, in zo in zauna wajensa in yi karatun koyarwa. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun dawowarsa.

Da na tsame wandon na ɗauraye shi sau biyu kawai, don ina tsoron kada baƙin ya fita. Na shanya a inuwa. Da ya bushe ya yi kyau ƙwarai, sai dai zaren ɗinkin da a da ruwan ɗorawa ne shi ma ya dushe. Hannuwana kuwa sun yi kwana goma da baƙi a ƙarƙashin farce.

Ran Litinin da safe ya yi shirin Gusau, ya sa wandon da farar riga. Wandon ya yi masa yawa. Ya ɗauki ƙusa ya huda sabon rami a bel ɗinsa, ya ja, ƙugun ya tattare. Inna ta kawar da kai ta shiga madafa. Baba ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya saɓi fartanya ya tafi gona.

Da azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan la'asar Yaya ya shigo jiƙe sharkaf. Gindin farar rigar ya yi baƙi, rinin ya zubo masa har kan ƙafafu, ya ɓata takalmin. Takardunsa da ya cusa a aljihun baya don kada su jiƙe, su ma gefensu ya rine.

Na tsaya riƙe da tsintsiya ina kallon wandon.

"Ba laifinki ba ne," in ji shi. "Ban ma ga abokin nawa ba. An ce ya tafi Kaduna. Bakin ƙofa na tsaya har ruwa ya same ni."

Na kawo masa ruwan zafi ya wanke ƙafafunsa. Daren nan zazzaɓi ya rufe shi, tarin ya dawo fiye da da. An kai shi asibiti a Gusau sau biyu, ana dawowa da shi da ƙwayoyi a leda. Ni dai na san ko da na ɗauraye wandon sosai ruwan zai dake shi duk da haka, amma na daɗe ina juya abin a raina. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya rasu gero na fitar da kai.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, wani direba ya yi sallama a ƙofar gida. Mutumin Tsafen ne ya aiko shi, wai a gaya wa Yaya an samu gurbin mai gadi, ya zo ran Laraba. Ina jin su daga bayan zaure. Baba ya gaya masa abin da ya faru, direban ya yi salati, ya yi ta'aziyya, ya ce bai sani ba.

Baba ya ce, "Ka yi muna godiya wajensa. Ka ce a ba wani."

Ya sa na kai wa baƙon ruwa. Ya sha, ya ƙara yin addu'a, ya koma motarsa, don fasinjoji na jiransa a bakin titi.