Kujeru Ba Yara

Jiya na tsinci kaina ina tura wata tsohuwar Baturiya a kekenta zuwa taron rigima, ni da na zo ba ta magani kawai.

Aikin carer nake yi, daga Abbey Wood nake hawa jirgi zuwa ƙauyensu. Council, wato ƙaramar hukumarsu, ce ke son rufe firamaren cocinsu, wai yara sun yi kaɗan. 'Yan ƙauyen suka ce ba za ta saɓu ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, zauren cocin duk furfura ce. Ita kanta tsohuwar ba ta da ko jika a makarantar.

Na sunkuya na ce, "Mama, ke meye naki a ciki?"

Ta ce, "Hannatu, tagata tana kallon filin wasansu. Ihun yaran nan ke gaya mini gari ya waye. In suka tafi, saura ƙararrawar jana'iza." Sai ta kama hannuna. "Ba yara uku gare ki ba? Kawo su mana."

Na fara dariya, sai na tuna makarantar cocinmu a kudancin Kaduna. Iyayenmu suka yi gayya suka gina ta, muka cika aji har waje, kowa da dutsen zamansa. Can yara ba kujeru, nan kujeru ba yara.

Na yi signing ɗin petition ɗinsu, takardar koken kada a rufe makarantar. Yau kuma na kama kaina ina duba lokacin jirgin safe.

Jama'a, da ku ne, za ku kai naku?