Garin Kaka a Takardar Bincike

A shekarar 1969, da na gama jami'a, wani ofishi ya ɗauke ni aikin bincike kan matan Zongo, unguwarmu ta Hausawa a Kumasi. Manyan Accra sun riga sun zaɓi abin da suke son sani: yawan haihuwa da tazarar da ke tsakani. An ce da amsoshin za a tsara asibitocin mata. Ina jin da gaske suke, ko da yake ban taɓa ganin tsarin da idona ba.

Namiji ba ya faɗa wa gidan mutane haka kawai, sai na bi ta hannun magajiya, shugabar matan unguwarmu, ƙawar mahaifiyata. Ita ke tara min su a tsakar gidanta.

"Ɗana, me ya sa kullum sai lissafin ciki?" in ji ta. "Ka tambaye su layin famfo mana, ko rumfunan da aka rushe mana."

Na ce babu gurbin wannan a takardar. Wata mai sayar da koko ta ce, "To gomnati ungozoma ce?" Aka yi dariya, amma ba wadda ta ɗauke ido daga alƙalamina.

Kuskurena yana shafin farko, inda ake rubuta suna da garin haihuwa. A Zongo, in ka tambayi mace daga ina take, garin kakanta za ta faɗa, ko da a Kumasi aka binne cibiyarta. Katsina, Sakkwato, Gao. Na san haka sarai, ni ma haka nake amsawa. Amma an koya mana mu rubuta abin da aka faɗa ba gyara, sai na rubuta.

Ƙarshen shekara aka ba da umarni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Manyan motocin kwashe baƙi suka cika filin Race Course. Ni kuwa ga tarin takardu a akwatina, da rubutun hannuna, suna cewa haifaffun Kumasi baƙi ne.

Magajiya ta aiko a kira ni. Ba ta ce in zauna ba.

"Wa ya aiko ka, tsakaninka da Allah?"

Na rantse mata. Ta ce rantsuwata ta karɓa, ta masu ofishin ce ba ta ji ba. Na ce zan sake bin kowa in gyara. Ta ce wace mahaukaciya za ta sake buɗe min baki?

Kwana biyu ina juya maganar. Mai yiwuwa ba wanda zai taɓa duba shafin, amma ban iya tabbatarwa ba. Na yage shafukan farko duka na kai mata, ta ƙirga su a gabana, ta tura su murhu.

Sauran na miƙa wa shugabana, na faɗa masa abin da na yi. Ya ce amsar da ba ta da suna ba ta da amfani, ya cire Zongo daga rahoton. Asibitin matan kuwa, da aka tashi buɗe shi, wata unguwa aka kai.