Ranar da Na Yi Fito a Filin Danau Kota

Duk abin da zan manta na zamanmu a Kuala Lumpur, ba zan taɓa manta yammacin da na sa yatsu a baki na yi fito a gaban jama'a ba. Shekaru sun shige, yarinyar da abin ya faru a kanta yanzu ta fi ni iya karatu, amma har gobe ina ganin abin kamar jiya aka yi.

Karatun maigidana ne ya kai mu Malesiya. Ya samu tallafin yin digiri na uku, ya taho da ni da 'yarmu tana goye. Ni a ƙaramar sakandare na tsaya, Turancina bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Muka kama haya a wani dogon bene a unguwar Danau Kota, can sama. Shi ya fita tun safe sai magariba, ni kuma daga ɗaki sai baranda.

Ni mace ce mai tsoro, ba na ɓoyewa. Ina tsoron lif, ina tsoron tsawar garin da take zuwa kamar za ta tsaga bango, ina tsoron ƙarfen barandar nan da kan yaro zai iya shiga tsakaninsa. Saboda haka bakina ba ya hutawa. “Mamana, sauko. Mamana, ajiye. Mamana, za ki faɗi.” Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiran ta haka. Kafin ta cika shekara uku, ihuna ya zame mata kamar ƙarar fanka, tana ji amma ba ta saurara. Mafi muni ma, in na ɗaga murya na nufo ta, sai ta ɗauka wasan tsere ne, ta ƙara gaba a guje tana dariya.

Daga barandarmu ana hango wani fili da ba a gina ba. Gefensa ciyawa ce mai tsayi, bayan ciyawar kuma babbar kwata mai kwashe ruwan sama. Kusan kullum wani dattijo ɗan asalin Sin kan zo filin da karnuka biyu a bayan tsohuwar motarsa, farare masu ɗigon ruwan ƙasa, sirara, kunnuwansu a zube. Shigarsa kanta abin kallo ce: riga mai aljihuna ko'ina, hula mai faɗin baki, usur a wuya, doguwar igiya a kafaɗa, takalmi mai nauyi, sannan wani abu mai kauri kamar fata da yake ɗaurewa daga idon sawu har gwiwa. A zafin garin nan. Na sha cewa a raina, wannan bawan Allah zai dafa ƙafafunsa.

Maƙwabciyata, wata nas 'yar Filato wadda ta girme ni nake ce mata Yaya, ita ta faɗa min ko wane ne. Ta ce mafarauci ne, yana da takardar izini, in lokacin ya yi sai ya tafi gonakin shinkafa a wajen gari harbin tsuntsaye, kuma shi yake kiwon karnukan da kansa yana horar da su.

Na san karnukan farauta a ƙauyenmu. A sake su da kururuwa, su bi zomo, wanda ya riga ya cafke. Waɗannan ba haka suke ba. Dattijon kan ɓoye tsuntsu a ƙaramin keji can ƙarshen filin, sai ya saki kare. Karen ya yi ta kai da komo, hanci a sama, sai kwatsam ya ƙame. Ƙafar gaba ɗaya a ɗage, wutsiya a miƙe, hanci ya nufi wuri guda. Ba haushi, ba motsi, har sai maigidansa ya iso ya taɓa masa kai. Haka kuma in dattijon ya busa usur dogo sau ɗaya ya ɗaga tafin hannu, duk inda kare yake sai ya tsaya cak. Babban ya ƙware. Ƙaramin kuwa yakan kasa haƙuri ya yi tsalle, sai dattijon ya ja igiya ya mayar da shi daidai inda ya bari, su sake daga farko. Ban taɓa ganin ya dake shi ba.

Ba don sha'awa nake kallon ba da farko. Don in san lokacin zuwansu ne da na tafiyarsu, kar in sauka da yarinya mu haɗu. Amma mutumin da ba shi da wurin zuwa, abin da ke gaban idonsa shi ne makarantarsa. Na haddace musu komai ban sani ba.

Ashe ba ni kaɗai ke kallo ba. Wata ranar hutu na fito daga kicin na tarar da uba da 'ya a falo, shi ya yi fito ya ɗaga hannu, ita kuma ta ƙame da ƙafa ɗaya a sama tana danne dariya. Sai ya ce “je ki”, sannan ta motsa.

“Yanzu fisabilillahi kwikwiyo ka mayar min da 'ya?” na ce.

“Ke da kike ta kira tun safe ba ta tsaya ba, ni ga shi da busa ɗaya,” ya ce.

“Kuma fito a cikin gida. Ka kira mana aljanun Malesiya, da wane yare za mu ba su haƙuri?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. A gidanmu mace ba ta fito. Na koya ina ƙarama wajen bin yayyena kiwon awaki, har na fi su ƙara, ranar da kakata ta ji ni ta murɗe min leɓe, ban sake ba. Amma su biyun ba su daina wasansu ba, sai dai su jira in shiga wanka.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da azahar, aka ɗauke, gari ya yi sanyi. Yaya ta ƙwanƙwasa ƙofa bayan la'asar, ta ce in ɗauko mayafi mu sauka filin da yarinya.

“Karnukan suna nan,” na ce.

“Suna can ƙarshen fili, ƙanwata. Yarinyar nan ta zama kamar tsuntsuwar keji. In kika ƙi, ni zan tafi da ita, ki tsaya a baranda kina yi mana addu'a.”

Haka na bi ta ba a son raina ba. Muka zauna a kan wani dakalin siminti, Mamana tana buga jar ƙwallonta a gabanmu. Dattijon yana can nesa da babban karen, ya ba mu baya. Ƙaramin yana yawo shi kaɗai, igiyarsa tana jan ƙasa. Yaya tana ba ni labarin wata mara lafiya da ta ƙi shan magani sai an kawo mata shayin mamak, wato na masu shayin bakin titin garin, na ɗan juya ina dariya. Da na waiwaya, ƙwallon ta gangara bakin doguwar ciyawar nan ta kusa da kwata, yarinya tana bin ta. Shi kuma ƙaramin karen ya yanko ta gefe, ya zo kusa da ita, ya ƙame.

Yaya ta miƙe ta cire takalmi. “Zai kama ta.”

Na riƙe mata hannu. Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba, don daga baya ta nuna min shatin yatsuna a fatarta.

“Ba ita yake kallo ba,” na ce.

Hancinsa wajen ƙwallon ya nufa. Ƙafa a ɗage, wutsiya a miƙe, irin tsayuwar da na sha gani daga sama. Na kuma san dattijon bai taɓa ajiye tsuntsunsa ta wajen kwata ba. To in ba tsuntsu ba ne, me ke cikin ciyawar? Ban gama tambayar kaina ba na ga ciyawar ta motsa, na ga wani baƙin abu mai sheƙi a naɗe dab da ƙwallon.

Yarinya tana ci gaba da takawa, hannu a miƙe. Sunanta ya zo min har maƙogwaro. Na san abin da zai biyo baya in na ƙwala kira: za ta yi dariya, ta ruga ta suri ƙwallon kafin in kamo ta. Ni na koya mata haka da ihuna na kullum. In na tashi da gudu ma haka ne. In Yaya ta jefi karen ya zabura, abin da ke kwance zai zabura tare da shi.

Na sa yatsu biyu a baki na hura. Iska kawai ta fito, leɓuna sun bushe. Na lashe su, na yi bisimilla a zuci, na sake. Wannan karon ƙarar ta tsaga filin, har wasu samari da ke kan babur a bakin titi suka waiwayo. Na ɗaga tafin hannuna sama.

Mamana ta juyo. Ta ga hannuna. Fuskarta ta washe, don ba ta taɓa zaton zan shiga wasansu ba. Ta ƙame, ƙafa ɗaya a sama.

A lokacin macijin ya tashi ya fasa kai a bayanta. Gamsheƙa ne baƙi. Na ji Yaya tana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa a gefena. Ni kuma na yi abin da ya fi min komai wuya a rayuwata, na yi wa 'yata murmushi.

“Yawwa, Mamana. Ni za ki kalla. Wanda ya motsa ya faɗi.”

Ƙafarta ta fara rawa, ta sauke ta a hankali tana kallona ko zan ce ta faɗi. Na gyaɗa mata kai, hannuna na nan a sama. Karen ma jikinsa na ɓari tun daga wuya har wutsiya, wannan da kullum yake kasa haƙuri, amma bai ɗaga ba. Macijin ya raba hankalinsa tsakanin su biyun, yana lilo.

Fiton ya kai kunnen dattijon. Ya juyo ya ga karensa a tsaye inda babu tsuntsu, ya gane. Bai yi gudu ba. Ya taho da dogon taku, ya zagayo ta gefenmu don kar ya ɓullo wa macijin ta baya ya koro shi kan yarinya. Da ya iso, ya cire hularsa ya kifa mata a fuska, ya sa ƙafarsa mai ɗaurin fatar nan tsakaninta da ciyawar, ya ɗauke ta cak, ya ja da baya a hankali. Macijin ya ɗan tsaya, sannan ya kwantar da kai ya sulale cikin kwata. Sai a lokacin dattijon ya kira karen, ya shafa masa kai yana yi masa magana da yarensu.

Ni ban san lokacin da na zauna a cikin taɓo ba. Aka ɗora min yarinya a cinya, ta ture hular ta ce, “Mama, ni na ci ko?”

“Ke kika ci,” na ce, ina ta duba ƙafafunta.

Yaya ce ta yi mana tafinta. Dattijon ya ce irin wannan macijin yana feshin dafi a ido, shi ya sa ya rufe mata fuska. Ya ce ɗaurin ƙafarsa saboda irin wannan ranar ne, gonakin shinkafa cike suke da su. Sai ya waiga yana tambayar wane ne ya busa, don ya ɗauka wani mai karnuka ne ya shigo filin. Yaya ta nuna ni, da hijabina da taɓo har gwiwa. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya ƙyalƙyale da dariya.

“Ya ce in kina neman aiki ki zo gobe da safe,” in ji Yaya. “Wai shi wata da watanni yana fama da wannan karen, ke kin tsayar da biyu a busa ɗaya.”

Na ce ta tambaye shi yadda aka yi karen bai yi tsalle ba yau. Ya ce tsayuwar a jini take, uwarsa haka take, kakansa ma haka. Tun suna 'yan kwikwiyo yake wurga musu fiffiken tsuntsu a bakin zare, wanda ya ƙame maimakon ya cafka, shi yake ajiyewa. Abin da horo ke ƙarawa kawai shi ne daɗewa a tsayen. Ya ce yau ce rana ta farko da wannan ya daɗe har aka iso gare shi.

Da maigidana ya dawo, Yaya ba ta bari na buɗe baki ba, ita ta ba shi labarin a bakin ƙofa, har da kwaikwayon yadda na ɗaga hannu. Ya ɗauki 'yarsa ya rungume ta ƙam. Da ya samu natsuwa sai ya dube ni ta gefen ido.

“Hajiya, ashe gwana muke zaune da ita. A ɗan yi mana mu ji mana.”

“A cikin gida? Allah ya kiyaye,” na ce.

Washegari na yi dambun nama na ba Yaya ta kai wa dattijon. Ta dawo ta ce ya ci, ya kuma ɗan gutsura wa ƙaramin karen, wai ai tare suka yi aikin. Ban ji haushi ba. Har muka bar ƙasar ban taɓa karen da hannuna ba, tarbiyyata ba ta ba ni ba, amma na daina kiran sa dabbar banza, kuma in na hango su daga baranda nakan ɗaga wa dattijon hannu.

Tsorona bai tafi ba, har yanzu ni ce mai duba gas sau da yawa kafin in fita. Abin da ranar ta koya min shi ne, uwar da ke ihu a kan komai tana cinye muryarta tun kafin ranar da za ta buƙace ta. Daga nan na rage kira, na ƙara kallo. In abu ya taso, nakan tsaya tukuna in ga ina haɗarin yake na gaskiya, don wani lokaci abin da ka fi tsoro ba shi ne zai cuce ka ba, yana tsaye ne yana nuna maka wanda zai cuce ka. Yanzu in na kira sunan 'yata sau ɗaya, tana juyowa.