Irin Geron Inna a Cikin Ƙofar Mota

Ko na tsufa na rasa haƙoran bakina, ranar da na kwance ƙofar akori-kurar yayana ba za ta fita a raina ba.

Shekarar fari ce, ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa. Ni ina gyaran wayoyin wutar mota a Isa, innarmu tana Tozai. Abin da ya rage mata duk duniya shi ne irin geron da babanmu ya bari. Ta cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, ta ƙulle a tsummokaran tsohon zanenta, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Ko da muke kwana da yunwa ba ta yarda an taɓa shi ba. Sai aka wayi gari tulu wayam. Da yake na kwana biyu a gida a makon, yayana ya ce ni ne. Inna ta daina amsa gaisuwata.

Bayan wata biyu sai ga Yaya a bakin shagona, ko kunya babu, don ya san ba na karɓar ladan aiki a hannunsa.

"Duba man gilashin ƙofar ga," in ji shi. "Ya tsaya tsaka, ba shi hawa, ba shi sauka."

Na duba fiyus, lafiya lau. Na gwada makunni, wuta tana zuwa. Na danna na kasa kunne, injin ɗaga gilashin yana gurnani amma gilashi ko motsi. Na ce wani abu ne ya tokare shi daga ciki. Ina ɗaukar sukundireba sai ya ce in bari, shi sauri yake. Na yi kamar ban ji ba.

Ina ɗage marfin ƙofar, toka ta baɗe min fuska. Ga ƙulli ya faɗa can ƙasa ya cushe a haƙoran ƙarfen da ke ɗaga gilashi, ya yage, gero yana tsiyaya. Zanen Inna ne, ɗaurin ma na hannunta ne. Ashe a nan yake ɓoye hatsi ya tsallaka iyakar ƙasa ya sayar, wannan ɗaya ya manta da shi. Na ɗago kai, Yaya ya juya yana kallon titi.

Na kwashe geron har ƙwayar ƙarshe, na hau babur sai Tozai, zuciyata fal murna, wai yau za a wanke ni. Wawa! Na ajiye ƙullin a gaban Inna. Ta dube shi, ba ta ko razana ba.

"Na sani tun ran nan," ta ce a hankali. "Shi ad da mota, shi ka kawo muna abinci. In na hwaɗi shi na, ya yi hushi, wa za ya cishe mu? Kai kana da haƙuri."

Irin da na kwaso bai cika kwano ba, shi muka shuka da damina ta dawo. Inna ta rasu ba ta gaya wa kowa gaskiya ba, har yau akwai masu nuna ni a Tozai. Abin da na koya, in yunwa ta shiga gida, ba a neman wanda ya yi laifi, wanda zai iya ɗaukarsa shiru ake nema.