Muryar da Ke Ƙarƙashin Ƙarar Inji

Na daɗe ina ɗaukar murya a ɗan sutudiyona da ke Anka, mawaƙan biki da masu bege sun wuce ta gaban makirufona ba adadi, amma akwai wani aiki na minti biyu da har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da shi ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina haɗa kiɗa da muryar wani mawaƙi, abin da muke kira miksin, sai ga wata mata daga Bagega, ƙanenta ya kawo ta a babur. Ta kwance bakin zanenta ta fito da katin memori na waya, an naɗe shi cikin leda kamar laya.

"Ɗana, an ce kai ka gyaran murya," ta ce. "Ɗiyata ce a cikin abin ga. Ta rasu lokacin gubar dalma, tana shekara huɗu."

Na sa katin a kwamfuta na buɗe fayil ɗin. Injin niƙan dutsen zinariya ne ke ruri, can ƙarƙashinsa wata siririyar murya na rera waƙar gaɗa. Sai kwatsam muryar babba ta daka tsawa: "Ke, rufe min baki, kin cika min kunne!" Daga nan ba a jin komai sai inji.

Matar ta sunkuyar da kai. "Ni ce wagga. Ka cire ni, ka bar min ita kaɗai. Duk sadda na saurara, in na kai wurin nan sai in kashe. Kwana tara bayan wannan, ciwo ya kama ta."

Aikin ba wuya. A kan allon kwamfuta murya zane ce mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto, tsawar kuwa ta yi tsini sama da komai. In zaɓe ta in goge, shi ke nan. A lokacin ina ji da saurin hannu, har na ɗora yatsa. Allah ya sa na ce bari in fara tace ƙarar injin tukuna. Na ɗauki samfurin rurin na nuna wa kwamfuta, ta tsame shi daga fayil ɗin gaba ɗaya. Sai na ga bayan tsawar zanen bai kwanta ba, akwai 'yan ƙananan tudu. Na sa abin kunne na sauraro, na ƙara sautin wurin.

Abin da na ji ya sa na cire abin kunnen a hankali na miƙa mata.

"Inna, saurari wannan kafin in yanke."

"Mi ya rage? Ai inji ne."

"Ke dai saurara."

Bayan tsawar, yarinyar dariya ta yi, ta ce, "Inna, ke ma yi!" Sai ga muryar uwar ƙasa-ƙasa ta karɓi amshi, suka rera tare har inda ɗaukar ta katse. Ƙaramar lasifikar waya ba ta taɓa fitar da wannan ba, matar kuma ba ta taɓa daurewa ta kai wurin ba.

Ta dafe abin kunnen da hannu biyu, hawaye na bin kumatunta. "Ashe na amsa mata," take ta faɗi. "Ashe ba da hushi muka rabu ba." Ƙanenta ya juya ya fuskanci bango. Ni ma na yi kamar ina gyara wata waya a bayan tebur.

Da ta natsu na tambaye ta ko in cire tsawar.

"A'a, bar ta. In ka cire, mi za ta yi ma dariya?"

Na zuba mata tataccen a katuna biyu, na ce ta ajiye ɗaya inda ruwa ba ya kaiwa. Sau huɗu ta sake saurara kafin su hau babur.

Tun daga ranar ban ƙara yanke muryar kowa ba sai na ji ta har ƙarshe. Na kuma gane cewa mutum kan yi shekaru yana hukunta kansa a kan rabin labari, alhali sauran rabin na nan, hayaniya ce kawai ta danne shi.