Sandar da Na Kafa a Lolo

Jama'a, wallahi tallahi abin nan ni ya faru da shi, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aikin wayarin, wani Alhaji mai fataucin shinkafa zuwa Benin ya kira ni Lolo, yana ƙara ɗakuna a gidansa, in ja wuta daga janareto zuwa wurin ginin saboda Sambo mai walda.

To, ni ba na haɗa wuta sai na kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa na ɗaure ta da jikin inji, don in wuta ta ɓalle ta bi ƙasa, kada ta bi mutum. Damina ce kuma, Sambo yini yake cikin laka da silifa. Na haƙa rami a bayan tsohuwar rijiya inda ke da danshi, zan zuba gawayi da gishiri kamar yadda muke yi, sai ga mahaifiyar Alhaji da sandarta.

Ta ce, "Ɗana, kak ka kafa ƙarhen ga nan, wurin da masu shi, kuma ba su son gishiri."

Na ce, "Inna, Allah ya ba ki haƙuri, su ma su yi haƙuri."

Na kafa. Da safe na tarar da sandar kwance gefen ramin, tas kamar an wanke, ƙasar ko sawun kaza babu. Sandar da sai da guduma ta shiga fa! Alhaji ya ce a bar zancen, a yi aiki haka nan. Raina ya ɓaci, na ce wallahi in babu sanda ba mai tayar da injin nan, sai dai ya nemo wani.

Da rana tsaka na durƙusa bakin ramin, kowa na kallo, na ce, "Ku na ƙasa, ran mutum nake tsarewa, in kun cire sau ɗari zan mayar!" Na ɗora sandar, ban ko ɗaga guduma ba, sai na ji an fizge ta daga ƙasa, ta nutse har wuya. Inna lillahi! Haka nan na ɗaure wayata.

Bayan la'asar hadari ya taso, Sambo ya ruga ya kama ƙarfen janareton zai ja shi inuwa, ashe waya ta saɓule tana taɓa jikinsa. Muka ji ɗas, wuta ta yanke, Sambo na tsaye lafiya lau. Amma daga ƙarƙashin ƙafafunmu wata ƙara ta fito, irin ta wanda aka ƙona, doguwa, har magina suka watsar da cebur.

Inna ta dube ni ta ce, "Wani ya karɓam mishi."

Har yau ban san ko wane ne ba. Amma gobe ma aka kira ni gidan, sai na kafa. Ku dai kada ku yarda a ja muku wuta babu sanda a ƙasa, ko aikin yini ɗaya ne. In za ku kafa, ku yi sallama tukuna.